Kaskar Da Ta Hau Bene

Kafin wani ya shigo mini akwatin saƙo da wa'azi, bari in faɗa da bakina: eh, akwai karya a gidanmu, a cikin ɗaki take kwana, kuma ba ni na kawo ta ba. Kunne sunanta. Ummata ce ta raɗa mata, domin aikinta ke nan. Tun da wani zazzaɓi mai zafi ya tafi da jin Umma, shekarar da Baba ya rasu, duniya ta koma mata hoto marar sauti. Tana magana, har ma da ƙarfi fiye da kima, tana kuma karanta leɓen mutum kamar jarida, amma ko ganga ka buga a bayanta ba za ta waiwayo ba. Likitan kunne ne ya haɗa mu da masu horar da irin waɗannan karnukan. In an danna ƙararrawar ƙofa, Kunne ta ruga ta dafa gwiwar Umma ta ja ta. In butar shayi ta yi fito, ta ja ta kicin. Ranar da tukunya ta kama da wuta ina wurin aiki, ita ta yi ta jan bakin zanen Umma har ta farka.

A hawa na uku muke. Kunne 'yar mitsitsiya ce, fara, kunnenta ɗaya ruwan ƙasa, kuma tun da ta shigo gidan nan ƙafarta ba ta taka ƙasar unguwarmu ba. Tana da tirenta a baranda, tana da sabulunta da tawul ɗinta, ga allurai a kan kari, ga ƙwayar maganin kaska duk wata. Ni nake yin duk wannan, domin ni ce auta, ni na rage a gida. Yaya yana wani gari da iyalinsa, daga can yake taimaka mana da nasiha ta waya.

Sai Gwaggo, yayar Baba. Ita ko kujerar da Kunne ta taɓa hawa ba ta zama sai ta shimfiɗa ɗankwali. Maganarta ɗaya ce kullum: "Auta, shekaru ba su jiran kowa. Tsararrakinki suna goyo, ke kina wanke kare."

To, bana Allah ya kawo mata wanda ta daɗe tana nema. A wayata Mai Na'ura na sa masa, har yau ban canza ba. Gwada wa Umma na'urar ƙara ji ya kawo shi gidanmu. Na'urar ba ta yi mata komai ba, amma ya yi ta dawowa da wata iri, yana durƙusawa a kan dardumarmu yana daidaita ta. Dogo ne, rigarsa kullum shuɗiya mai haske, guga kamar za ta yanke ka. Abin da ya kama ni kuwa, ku yarda da ni, ba tsayin ba ne. Duk wanda ya zo gidanmu ihu yake yi wa Umma, kamar ihun zai huda kunnen. Shi kuwa sai ya juya fuskarsa inda haske yake, ya yi mata magana a hankali, har ta yi dariya.

Abu ɗaya ne: ba ya taɓa Kunne. Da ya zauna za ta zo ta yi ta shinshinar ƙafar wandonsa kamar ma'aikaciyar kwastan, shi kuma ya naɗe ƙafafu ya ɗauke kai. Gwaggo har taɓa ni take yi. "Kin ga mutum mai tsabta ko?" Ni ma abin bai dame ni ba. Wata rana ma da na gaji da wanke tire, na tura masa saƙo cewa ni in na yi aure, ko hoton kare ba na son gani a gidana. Ya turo fuskar dariya. Muka wuce wurin.

Shekaranjiya da safe ina gaban madubi, na sa doguwar rigata ruwan toka ina neman ɗan kunne ɗaya da ya ɓace, sai na ji buta tana fito. Ta yi ta yi. Na jira ƙarar faratan Kunne a kan tayil, shiru. Da na fito, Umma tana ninke kaya a falo ta ba kicin baya, tururi ya cika ƙofa, Kunne kuma tana kwance a ƙarƙashin tebur ta ɗora haɓa a ƙasa. Idonta a kan butar yake. Ta ji, tashin ne ta kasa.

Na kashe wuta, na durƙusa. Jikinta zafi rau. Kwanakin nan ta riƙa barin abinci, ni kuma na ɗora laifin a kan sabon buhun da na sayo. Na leƙa baranda, fitsarin da ke tirenta ja wur kamar shayin da aka manta a wuta. Na ɗaga leɓenta. Dasashin da na sani ja-ja ya koma fari fat kamar takarda.

Umma ta zo ta tsaya a kaina. "Me ya same ta?"

Na juya mata fuskata. "Asibiti za mu."

Ina neman jaka wayata ta yi ƙara. Gwaggo.

"Auta, ƙarshen makon nan manyansa za su zo. Ki biyo ta shagon yadi in kin tashi, mu zaɓi abin da za ki sa. Kada ki fito musu da tokar nan taki."

"Gwaggo, Kunne ba ta da lafiya."

"To ki ba ta ruwa ta kwanta mana. Kare ne fa."

Na ce to, na kashe. Umma ta riga ta naɗe Kunne a tawul, ta zura takalmi ƙafa da ƙafa daban, ban ma gaya mata ba. A cikin tasi ta rungume ta, tafin hannunta a kan haƙarƙarinta, tana ƙirga numfashi da fata tunda ba ta iya ji da kunne. Na tura wa mai shagon buga katin da nake aiki cewa ba zan shigo ba. Ban jira amsa ba.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ku. A cikin tasin nan, rabin zuciyata yana wurin Kunne, rabi kuma yana wani lissafi mai ban kunya. In karyar nan ta mutu, wa zai zama kunnen Umma? Horar da wata ba aikin wata ɗaya ba ne. Ke nan ba inda za ni. Aurena gaba ɗaya a kan numfashin wata 'yar halitta da ke cikin tawul yake rataye, kuma ban san haka ba sai ranar.

Likitar dabbobin mace ce, gajera, tabarau a goshi, ba ta da yawan murmushi. Ta duba dasashi, ta latsa ciki, ta ɗebi jini a ƙafa, ta shafa ɗigo a gilashi ta sa a madubin likita. Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta matsa ta ce in duba.

Na ga wasu jajayen ƙawanya birjik. A cikin wasu akwai ɗige-ɗige biyu manne da juna, kamar 'ya'yan kankana.

"Jajayen nan ƙwayoyin jininta ne," in ji ta. "Na cikin kuma baƙi ne. Suna shiga su hayayyafa su fasa ƙwayar su fito. Abin da kika gani a fitsarinta, jininta ne da ya farfashe. Kaska ke kawo su."

Har na ɗan ji sanyi, don na tabbata ta yi kuskure. "Likita, ba ta fita. Hawa na uku muke. Ko ciyawa ba ta sani ba. Kuma duk wata ina ba ta maganin kaska, ban taɓa tsallakewa ba."

Ba ta yi musu da ni ba. Ta ɗauko matsefi mai ƙananan haƙora, ta bi jikin Kunne a hankali, wuya, hammata, tsakanin yatsu. A can cikin lanƙwasar kunnen nan ruwan ƙasa ta tsaya, ta ciro wani abu da hantsaki ta ɗora a auduga. Bai kai ƙwayar riɗi ba, a bushe.

"Maganinki ya yi aikinsa, ga ta nan ya kashe. Amma irin wannan maganin a jinin kare yake zama, sai kaska ta ciza take shan sa. Yawanci takan mutu kafin ta yi ɓarna. Wani lokaci kuwa, musamman in ƙarfin maganin ya fara ja baya, kafin ta mutu ta riga ta zuba abin da ta zo da shi."

"To ta ina ta shigo?"

"Kaska ba ta jiran karenki ya sauko, ita take hawowa. A ƙafar wando, a jaka, a kwali, a tsohuwar darduma. Wannan irin ma ba ruwanta da daji. In ta samu tsagar bango a ɗaki mai ɗumi, nan za ta yi gida ta yi jikoki."

Umma tana bin bakinta da ido, ba ta rasa ko kalma ba. Ta ce da muryar nan tata da ta cika ɗakin, "Za ta tashi?"

Likita ta juya ta fuskance ta sosai. "Zan yi mata allurar da ke kashe su. Amma jininta ya yi ƙasa ƙwarai, Mama. Tana buƙatar ƙarin jini yau, kuma wanda muke da shi a ajiye ya ƙare. Sai an samo babban kare, lafiyayye, da zai ba ta. Zan kira waɗanda na sani, ku ma ku nema."

Na fita baranda na zauna a benci, na tashi, na sake zama. A ina zan san mai babban kare? Na rubuta a shafina inda duk lambobin wayata za su gani: wa ke da babban kare mai lafiya da zai ba da jini, rai ne a ciki.

Amsa ta fara shigowa. Wata ƙawata ta turo fuskar dariya har da hawaye. Wani abokin aiki ya ce shi yana da mage, ko za ta yi. Yaya kuwa ko sannu babu: "Ki goge abin nan yanzu. Dangin mutumin suna da lambarki."

Sai na ga Mai Na'ura ya gani. Alamar rubutu ta fito, ta ɓace. Ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. Na miƙe na je ƙarshen baranda na dawo. Sannan saƙon ya shigo.

"Ina da karya."

Wayarsa ba ta rubuta harafi mai lanƙwasa, na daɗe da sanin haka, har tsokanarsa nake yi. Na tsaya ina kallon kalmar nan, ban san wacce yake nufi ba, mai ƙafa huɗu ko wadda ake yi da baki. Kafin in tambaya wani ya biyo: "Babba ce. Ina zuwa. Don Allah duk abin da kika gani, ki bari a ba Kunne jini tukuna."

Da motarsa ta tsaya a harabar asibitin, da ƙyar na gane shi. Babu shuɗiyar riga, babu guga. Wata tsohuwar riga ce mai gajeren hannu, gashin kare ya manne mata ko'ina. Ya buɗe ƙofar baya, wata ƙatuwar karya ruwan ƙasa ta diro, gashi buzu-buzu, ta kusa kai masa ƙugu. Ta jingina da ƙafarsa irin jinginar da ba a koya a rana ɗaya. Bayanta kuma wata yarinya ta sauko, ba za ta wuce shekara bakwai ba, da kayan makaranta da safa ɗaya a zame, ta riƙe ƙarshen igiyar da hannu biyu.

Goshinsa ne a fuskarta. Har yadda take tattare gira saboda rana.

"Wannan Bargo ce," ya ce, bai kalli idona ba. "Wannan kuma 'yata ce. Na ɗauko ta daga makaranta, don Bargo ba ta yarda a taɓa ta in ba ta kusa."

Masu karatu, kun san yadda ƙafa ke yi in mutum ya zaci akwai sauran matakala ashe babu? Haka na ji. Mutumin nan ya san kalar da nake so, ya san ranar haihuwar Umma, ya san ba na shan madara a shayi. Ni kuma ban san yana da 'ya ba.

"Mamanta ta rasu tana goye," ya ce ƙasa-ƙasa. "Bargo tata ce, ita ta raine ta tun tana 'yar kwikwiya. Na so..."

"Ba yanzu ba," na ce. Muryata ta fito a daidai, har na yi mamaki. "Shiga da ita."

Likita ta ce sai ta gwada jinin Bargo kafin ta ɗiba. Yarinyar ta riƙe wuyan karyar tana yi mata raɗa har aka zare allura, sannan aka ce mu jira a waje, shi kuma ya tsaya ciki. Umma tana ɗaya ɗakin wurin Kunne. Sai ya zama daga ni sai yarinyar a benci. Ta zauna a can ƙarshe tana kaɗa ƙafa, tana satar kallona, ni ma ina satar kallonta.

"Ke ce Antin bene?"

"Wa ya ce miki haka?"

"Baba. In zai je wurinku sai ya canza kaya a mota." Ta ja safarta sama. "Karenku ƙarami ne?"

"Ƙarama ce sosai."

"Bargo tana da jini da yawa. Za ta iya ba ta." Sannan ta ƙara, kamar mai maimaita karatun da aka biya mata, "Baba ya ce in kin zo gidanmu Bargo za ta koma gona, saboda ke ba ki son kare."

Saƙon nan nawa na ranar wanke tire ya dawo mini harafi harafi.

"Ke kuma fa?" na ce.

"Ni wurin Kaka zan koma. Amma zan riƙa zuwa hutu." Ta ɗago ta dube ni da goshin ubanta. "A gona ana ba kare bargo? Don ita ba ta barci sai a kan nawa."

Ban san me na ce mata ba. Ina jin na ce zan tambaya. Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo na tsaya ina kallon ruwa. Ashe ana ta share mini gida ban sani ba, ana kwashe yarinya da karyar uwarta kamar tsofaffin kujeru, don in shigo in ga fili.

Da na fito likita tana bakin ƙofa, tabarau ya sauko kan hanci. Ta kira ni ciki inda yake tsaye.

"Ba zan iya ɗibar jininta ba," ta ce. "Ita ma tana ɗauke da su."

Ya ce, "Amma lafiyarta ƙalau. Tana ci, tana gudu."

"Haka ne. Babban kare mai ƙarfi yakan ɗauke su shekaru bai nuna ba. Na kuma samu kaska a bayan kunnenta, masu rai. Tana fita tsakar gida ko?"

Ya gyaɗa kai. Na ga lokacin da abin ya iso masa. Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafar wandonsa, ya daɗe.

"Likita, ina zuwa gidansu. Ina zama a dardumarsu. Ina canza riga da wando, amma a mota nake canzawa, kuma takan kwanta a motar." Ya ɗago ya dube ta. "Daga ni ne?"

"Kaska ba ta zuwa da adireshi," in ji ta. "Ba zan rantse ba. Mai kawo gas ma zai iya shigo da ita. Abin da na sani, karnuka biyu ke buƙatar magani, gidaje biyu da mota ɗaya kuma ke buƙatar feshi."

Ba ta rantse ba, amma ni da shi babu wanda ya tuna da mai kawo gas. Ya tona asirin da ya fi ɓoyewa don ya ceci Kunne, ga shi jinin bai yi ba, ga kuma wannan a kai. Da wani ne ya ba ni labarin, da na tausaya masa. Wataƙila ma na tausaya, amma haushi ya zauna a kan tausayin ya danne.

Jinin da aka ƙara mata daga wurin wani dattijo ya zo, cikin waɗanda likita ta kira. Ya iso da rana tsaka da wani baƙin kare mai sanyin hali, aka gwada, aka ɗiba, ya ƙi ko zama a yi masa godiya. Muka tsaya muna kallon jan ruwan yana bin siririn bututu yana shiga ƙafar Kunne ɗigo ɗigo. Zuwa la'asar dasashinta ya ɗan yi launi, kamar an shafa hoda. Ta buɗe ido ta ga Umma, jelarta ta motsa sau ɗaya. Likita ta ce za ta kwana a wurinsu, kuma kada mu yi murna tukuna, sai an ga yadda jikinta zai karɓa.

A bakin get Mai Na'ura ya tare ni. Yarinyar tana cikin mota ta kwantar da kai a wuyan Bargo.

"Na so in gaya miki tun farko."

"Yaushe za ka gaya mini? Ranar da na buɗe ɗaki na tarar da takalman yara?"

"An ce in jira."

"Wa ya ce?"

Ya kawar da kai ya nufi motarsa. Umma tana can gefe tana jiran tasi, ta ba mu baya, don haka ba ta ga komai ba. Ni kuma a hanya ban iya gaya mata ba. Ta ga yarinyar, ta zaci 'yar ɗan'uwansa ce, har ta ce mini yarinyar tana da hankali.

Jiya ban je aiki ba. Na ɗaura tsohon zane, na ɗaure kai, na bi gidan kamar mai neman ɓarawo. Na cire labule, na tuɓe rigunan kujera, na tafasa ruwa na jiƙa shimfiɗar Kunne. Na naɗe dardumar nan da yake durƙusawa a kai na ja ta baranda. Da na janye doguwar kujera, a tsagar da ke tsakanin bango da tayil na gan su, ƙanana, ja-ja, suna tafiyarsu a natse kamar su ke biyan haya. Na zauna a ƙasa ina kallonsu. Shekara nawa ina goge gidan nan har yana ƙyalli, ashe abin da zai kayar da mu yana bayan kujerar baƙi.

Wayata tana kan firji tana ta haske da saƙonninsa. "Ya Kunne?" "Na kai motar feshi." "Ta tambaye ni ko Antin bene ta yi fushi." "Ki ba ni dama in yi bayani, ko a tsaye ne." Ina karantawa ina ajiyewa. Na kira asibiti, suka ce Kunne ta lashi ɗan ruwa, zazzaɓin ya sauka kaɗan, amma ba ta miƙe ba. Na kasa zama, na kasa ci. In na ce na tsane shi, sai in tuna hannun yarinyar nan a wuyan Bargo. In na ce na yafe, sai in ji muryarta tana cewa zan riƙa zuwa hutu.

Ina banɗaki ina matse labule Gwaggo ta iso. Ƙarar famfo ta hana ni ji; da na fito na buɗe mata, ta ce ta daɗe tana danna ƙararrawa, Umma kuwa tana zaune taku kaɗan da ƙofar tana tsince shinkafa. Ta shigo da leshi ruwan zuma, turare ya riga ta, da jaka cike da yankakkun yadi. Ta dubi falon da ya koma kamar an yi ƙaura.

"Madalla, gara da kika fara gyara. Ina karen? Allah ya sa kafin su zo a kai shi wani wuri." Ta zauna, ranar ko ɗankwali ba ta shimfiɗa ba, ta baza yadi a cinya. "Ga ruwan hoda, ga kore. Ni dai koren nan."

Na tsaya a gabanta, hannuna yana ɗigar kumfa. "Gwaggo, yana da 'ya. Shekararta bakwai. Na gan ta da idona."

Na jira ta dafe ƙirji. Ta ɗaga koren ta kara a haske.

"Na sani."

"Kin sani?"

"Tun zuwansa na biyu ya same ni ya gaya mini, shi ma Yayanki ya sani. Ni na ce ya yi shiru sai komai ya kankama. Na san halinki, da kin ji za ki ce sai kin yi tunani, ki yi ta tunani har ki tsufa a kan benen nan. Yarinya kuma ba ga kakarta ba? Ni na ba shi wannan shawarar ma. Ki shiga gidanki fes, ba raino, ba kare. Gata na yi miki, Auta."

Ta manta abu ɗaya. Tagar da na cire wa labule tana zuba haske a kan fuskarta, Umma kuma tana zaune daidai gabanta.

Umma ta ajiye farantin shinkafa a hankali. Tun rasuwar Baba ban taɓa jin ta ɗaga wa Gwaggo murya da gangan ba. Ranar ma ba ta ɗaga ba, ƙasa ta yi da ita, har sai da muka matso.

Ta dubi Gwaggo. "Yaya, a falona kuka ƙulla wannan? Ina zaune?"

Gwaggo ta ɗan kawar da kai. "Ke da ba ki..."

"Juyo ki faɗa, in gani."

Gwaggo ba ta juyo ba. Ta hau tattara yadinta tana ninkewa, tana maganar wanda ya yi wa mutum rana shi ake yi wa dare.

"Marainiya za ku kora don 'yata ta samu ɗaki," in ji Umma. "Ni da na rasa kunne kuka mai da ni bango, ita da ta rasa uwa za ku mai da ita kaya."

Wayata ta yi haske a kan firji. Na ɗauko. "Ina ƙasa, bakin get ɗinku. Ni kaɗai. In kin ce in tafi zan tafi."

Umma ta miƙo hannu, na ba ta, ta karanta. Ta dubi Gwaggo da ta rataya jaka.

"Zauna, Yaya, ba inda za ki." Sannan ta juyo gare ni. "Ce masa ya hawo. Aure naki ne, ba zan zaɓa miki ba. Amma ina son in ga bakinsa lokacin da zai gaya mini inda ya yi niyyar kai 'yarsa."

Ta tashi da kanta ta jawo kujerar roba ɗaya ta ajiye a tsakiyar falon da babu darduma, ta juya ta ta fuskanci taga. Ta koma mazauninta ta naɗe hannu.

Na dubi zanen da ke jikina, jiƙe da ruwan wanki, na yi tunanin canzawa, na fasa. Na rubuta kalma ɗaya na tura: "Hawo."

Gwaggo ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya. Daga can ƙasa na ji ƙofar bene ta buɗe, na ji takunsa ya fara hawowa, a hankali, yana tsayawa a kowane hawa. A cikinmu uku ni kaɗai na san ya kusa, domin Gwaggo ta toshe kunnenta da mita, Umma kuma fuskata take kallo tana jira ta gani a can.